Bebayen Tuluna

Tun kafin su bar gida Auta ta gaji. Ita ta sauko da jitarta da jakar wayoyin lasifika, ita ta riƙe murfin bayan mota Baba yana jera kwalaye, kuma ita Mama ta ƙwala wa kira daga ɗaki daidai lokacin da direba ya fara danna ham.

Mama na kwance, gwiwarta ta kumbura suntum, an naɗe ta da tsumma mai warin man zafi.

"Turo ƙofar," in ji ta. "Zauna. A'a, matso nan."

Auta ta zauna a bakin gado.

"Babanki ba ya jin amo."

"Wane amo?"

"Na tukwane mana, na mene ne kuma? Magana yana ji in an ɗaga murya, ko in yana kallon bakin mutum. Amma siririn amon nan da ke bin bayan ƙwanƙwasa ya tafi. Shekara biyu ke nan."

A gidansu, tun zamanin kakan Baba, ba a sayar da abin da aka gina sai an ji muryarsa. In kaya suka fito daga tanderu suka huce, magini zai ɗora kowane tulu a tafin hagu, ya ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa. Lafiyayye yakan amsa da dogon amo, kamar an taɓa ƙararrawa a ɗakin maƙwabta. Wanda ya tsage daga ciki, ko da tsagar ba ta kai silin gashi ba, sai ya ce ƙwaf ya yi shiru. Irin wannan bebe suke ce masa a gidan. Fasa shi ake yi, a daka, a zuba garin cikin sabon yumɓu. Baba yakan ce shekara arba'in yana gini, ba a taɓa dawo masa da tulu ba.

"Yakan ware nasa," in ji Mama, "in ya fita sai in lallaɓa in sake warewa. Bai taɓa lura ba. To wannan karon ƙafar nan ta kayar da ni. Shi ya sauke, shi ya ware, shi ya naɗe. Ina kwance nan ina jin su ta taga. Auta, akwai bebaye cikin kwalayen nan, ba ɗaya ba, ba biyu ba."

"To ni me zan yi?"

"Ke ba kunne gare ki ba? Shekara huɗu a jami'a ana koya miki saurare."

"Kiɗa fa za ni yi, Mama."

"Ki yi kiɗanki, wa ya hana ki? Amma kada ki bari sunan ubanki ya zube a gaban mutane. Kuma kada ya ji daga bakinki cewa na faɗa."

Direba ya sake danna ham, wannan karon ya ɗora hannu bai ɗaga ba.

A cikin wata tsohuwar masaƙa ake yin baje kolin da za su je, sau biyu a shekara. Injuna sun daɗe da tafiya, sai ramukan ƙusoshinsu a daɓe da ƙamshin tsohon mai da ya ƙi barin bango. Doka ɗaya ce a wurin: ba a kawo kayan kamfani, kuma wanda ya yi abu da hannunsa shi zai zauna a bayansa. Yawancin masu tebur matasa ne. Akwai mai ɗan kunne da aka lanƙwasa daga tsofaffin cokula, akwai mai jakunkunan robar taya, akwai wani mai gemu da ke yin fitilu da kwalaben magani. Baba yakan bi su da kallo ya ce a zamaninsa wannan bola ake ce mata. Amma yana zuwa, domin kantuna sun daina karɓar tukwane tun da roba ta cika gari, kuma a nan yaran suna tashi tsaye in ya shigo. Abin da suka fi so shi ne ƙwanƙwasar. In zai yi sai su ɗaga wayoyi su ɗauke shi hoto.

Matar da ke shirya taron, wadda kowa ke kira Anti Mai Fayil saboda koren fayil da ba ya barin hammatarta, ta nuna wa Auta dandalinta. Katakai biyu ne aka haɗa aka shimfiɗa musu tsohon kafet, da kujera, da lasifika guda. Teburin Baba na dama da shi, taku uku. Bayan na Baba sai na wata mai sabulu, ƙatuwar mace mai murya kamar tana kiran wani a hayin kogi.

"Daga goma zuwa huɗu," in ji Anti. "Ki huta in kin gaji. Naki waƙoƙin nake so, ba na rediyo ba."

Ba wanda ya taɓa gaya wa Auta haka. A makarantar firamaren da take koyarwa, jitar ta taron safe ce, waƙa uku, su ɗin dai, shekara da shekaru. Wata biyu tana shirin wannan rana a ɗakinta da ƙofa rufe.

Ta jingine jitar ta nufi kwalayen. Dabararta ita ce ta taya kwancewa, ta ɗan taɓa kowanne da yatsa, bebayen ta tura su ƙarƙashin tebur.

"Bari," in ji Baba, ko kallonta bai yi ba. "Waɗannan faratan naki za su karce min kaya. Je ki wajen garayarki."

"Jita ce, Baba."

"Me?"

"Ba komai."

Ta tsaya tana kallo ya jera su shi kaɗai: tuluna, butoci, kasake, tukwanen fure, sai wata babbar randa mai zanen igiyar ruwa a wuya, wadda ya kwashe mako uku a kanta. Ita ya sa a tsakiya. Ya ja baya, ya karkata kai, ya dawo ya juya ta kaɗan don zanen ya fuskanci ƙofa.

Ƙarfe goma Auta ta fara. Waƙar farko muryarta ta yi rawa, ta biyu ta daidaita, ta uku ta gane ba mai saurare. Mutane na wucewa ta gabanta da kofunan shayi, suna ɗaga murya don su ji juna a kan kiɗanta. Janareta na gurnani a bayan bango, amonsa ya saɓa da na tsirkiyarta kaɗan, irin saɓanin da ba mai lura sai wanda zai sa wa ciwon kai. Sau biyu Anti ta karɓi makirufo a tsakiyar baiti, sau ɗaya don cigiyar makulli, sau ɗaya don mai farar mota ya zo ya gyara tsayuwa. Wata tsohuwa ta tsaya a gabanta har ƙarshen waƙa, Auta ta ji daɗi, sai tsohuwar ta tambaye ta ina ne makewayi.

Duk wannan da kunne ɗaya take yi. Ɗayan yana teburin Baba.

Na farko da aka saya buta ce. Baba ya ɗora ta a tafi, ya jira wayoyi suka tashi, ya ƙwanƙwasa. Amo ya fito siriri, ya daɗe. Na biyu kasko ne, shi ma lafiya. Na uku wani mutum ne mai hular kwano a rataye a gwiwar hannu, ya nuna wani jan tulu mai ƙaramin baki, ya ce na ofis yake so, ya gaji da ruwan firji.

Baba ya ƙwanƙwasa. Ƙwaf.

Auta ba ta yi shawara ba, hannunta ne ya yi. Ta kai wa tsirkiyoyin duka gaba ɗaya, da ƙarfi, a wurin da waƙar ba ta nemi haka ba. Lasifika ta yi ƙara, mai fitilu ya waiwayo. Baba ya sake ƙwanƙwasawa, ta sake bugawa.

"Ka ji?" in ji Baba, yana murmushi. "Wannan har jikokinka."

Mutumin ya ce ya ji. Aka naɗe masa tulu a jarida ya tafi.

Daga nan abin ya zame mata aiki. Da ta ga Baba ya ɗaga wani abu a tafi sai ta ƙara ƙarfi, ko lafiyayye ne ko bebe, don ba ta da lokacin jira ta ji. Waƙoƙin da ta rubuta a hankali, masu son a yi su kamar ana raɗa, duk ta bi ta tattake su. Wajen ƙarfe ɗaya yatsunta na hagu sun yi jawur, kafaɗarta ta ƙage, maƙogwaronta ya bushe. Ta san abin da take yi bai gyara komai ba, rufa-rufa ce kawai, tsagar na nan cikin jarida tana tafiya gidan mutane. Sau uku ta ajiye jitar da niyyar ta je ta yi masa magana, sau uku ta tsaya a gefen teburin ta tambaye shi ko zai sha shayi.

"'Yar jami'a," in ji Mai Sabulu, "yau da wa kike faɗa, da jitar ko da mu?"

Auta ta yi murmushi, ta koma kujerarta.

Biyu saura kwata mai hular kwano ya dawo. Tun daga ƙofa aka fara dariya, domin wandonsa ya jiƙe daga cinya har gwiwa, kuma a wurin da ba ya kyau wando ya jiƙe. Yana rungume da jan tulun, ruwa na ɗiga daga gindinsa ɗis, ɗis, yana bin sa a daɓe. Hannun Auta ya tsaya a kan tsirkiya.

"Baba, sannu da aiki," in ji mutumin. Ba da faɗa ya zo ba, har yana ɗan dariyar kansa. "Na cika shi a famfo na ɗora a gaban babur, kafin in kai mahaɗar hanya ya yi min wannan aikin. Ko haka suke yi da farko?"

"Naso ne," in ji Baba. "Sabon tulu yakan yi gumi."

"Wannan gumin ya yi yawa, Baba. Ko zazzaɓi yake yi?"

Aka sake dariya. Baba bai ji abin da aka ce ba, dariyar kawai ya gani, fuskarsa ta ɗaure. Ya karɓi tulun ya tuntsurar da sauran ruwan a bokitin Mai Sabulu, ya ɗora shi a tafi, ya ɗaga sama yadda kowa zai gani. Babu kiɗa yanzu. Auta ta ga yatsan ya lanƙwashe, ta kai hannu ga tsirkiya, amma ta makara.

Ƙwaf.

"To," in ji Baba. "Ka ji? Lafiyarsa lau."

Wata yarinya ta sauke wayarta a hankali. Mai hular kwano ya dubi tulun, ya dubi Baba, ya sosa ƙeya.

"Baba, ni ban san kan tulu ba," in ji shi da ƙarfi. "Amma wannan kamar an bugi katako na ji."

Wannan kam Baba ya ji. Ya tsaya da tulun a sama, idonsa na bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kai kansa sai ya sunkuyar.

Mai Sabulu ce ta tsoma baki. "Haba, ai kiɗan nan ne! Tun safe ake dukan kunnenmu kamar ana sussuka. Ni kaina ɗazu wata ta ce sabulun lemun tsami na miƙa mata na madara. Wa zai ji tulu a cikin wannan hayaniya?"

Baba ya juyo ga Auta kamar wanda ruwa ya ci ya ga reshe.

"Kin ji ko? Kin ji abin da kika jawo? Mutum na aikin da ubansa ya bar masa, ke kina can kina ƙwaƙular waya kamar an aiko ki. A gidan uban wa aka taɓa ware kaya ana kiɗa?"

Mutum talatin ne ko fiye suke kallonta, yawan da ta yi wata biyu tana fata.

"Yi haƙuri, Baba," ta ce.

"A kashe min abin nan. Yanzu zan sake bin kayana kaf, a gaban kowa, a ga ko ni ne ko ba ni ba."

Anti Mai Fayil ta matso ta raɗa wa Auta cewa rabin awa kawai, kada ta damu, ta zare wayar lasifika. Mai fitilu, don neman lada, ya zagaya ya sa aka kashe janareta ma. Masaƙar ta yi shirun da ba ta yi ba tun safe, har ana jin tattabaru a cikin rufi.

Baba ya naɗe hannun riga. Ya share gefen dama na tebur don lafiyayyu, ya ja kwali a hagu don bebaye. Ya ɗauki wata buta, ya ɗora a tafi, ya ƙwanƙwasa.

Amo ya fito tas, kowa ya ji. Auta na kallon fuskar Baba. Jira yake yi. Ya kawo butar kusa da kunne ya sake. Ya juya ɗaya kunnen ya sake. Butar na ta amsawa, shi kuma yana tsaye da kai a karkace kamar mai jiran sallama a ƙofar gidan da aka tashi. Yanzu ba kiɗa, ba janareta, ba abin da za a ɗora wa laifi. Ya sauke butar a hankali, bai sa ta dama ba, bai sa ta hagu ba, ya ajiye ta a tsakiya kusa da randa, ya bar hannunsa a kanta.

"Auta," ya ce, ba da muryar ɗazu ba. "Tunda ba ki da aiki, zo ki riƙe min. Hannuna ya gaji."

Ta sauko. Ya ɗora mata butar a tafin hagu, ya gyara mata yatsu don kada su kama cikin su kashe amon, kamar yadda ya taɓa nuna mata tana 'yar shekara bakwai kafin ya haƙura da ita. Ya ƙwanƙwasa. Bai dubi butar ba, ita ya duba.

Ta ajiye ta a dama.

Ya miƙo tulu. Ƙwaf. Ta sunkuya ta sa shi a kwali. Ya gyaɗa kai kamar shi ya ce a yi haka.

Haka suka bi su. Ga mai kallo, tsoho ne ke yanke hukunci 'yarsa na ɗauka tana ajiyewa. Wayoyi suka sake tashi. Mai Sabulu na cewa, "Kun gani? Ai na faɗa muku." Aka zaɓa wa mai hular kwano wani tulun, ya roƙi a ƙwanƙwasa masa sau biyu don ya ji daɗin amon, ya tafi yana cewa ba komai, wando ai ya bushe. Kwalin hagu ya karɓi shida.

Saura randa. Ta fi ƙarfin tafi, don haka Auta ta tallabe ta da hannu biyu daga ƙasa, nauyin na jan kafaɗarta mai ciwo. Baba ya shafa zanen wuyan da babban yatsa. Ya ƙwanƙwasa.

Ba ƙwaf sosai ba ne. Amon ya fara fita, sai ya yanke a hanya kamar wanda aka toshe wa baki. Cikin mutanen nan ba wanda zai gane. Randa kuma ba a ɗora ta a babur, a lungu ake girke ta, in ta yi yoyo sai bayan wata da watanni. Auta ta tsaya da ita a hannu. Baba na kallonta, kuma ta ga abin da yake roƙo: ta sa ta a dama.

Kwalin ba zai ɗauke ta ba. Ta durƙusa ta ajiye ta a ƙasa, a gefensa na hagu.

Baba ya daɗe yana duban wurin da randar ta tashi a kan tebur. Sannan ya jawo wata tukunyar fure ya sa a gurbin.

Da mutane suka watse ya zauna a kujerarsa, ya nuna mata kwalin da babu komai ta kife ta zauna. Janareta ya tashi. Ya matso da kansa kusa da nata.

"Uwarki ta sani?"

Auta ta dubi yatsunta.

"Ɗago in ga bakinki."

Ta ɗago. "Ta sani."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

Ya juya maganar a baki kamar mai tauna tsakuwa a cikin abinci. "Shekara biyu tana barina ina ƙwanƙwasa." Ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci. "Na safe fa? Nawa suka fita?"

"Ban sani ba, Baba. Ina kiɗa."

Ya juya ya dubi ƙofar masaƙar.

Anti Mai Fayil ta iso tana duba agogo. "Rabin awa ta wuce, 'yar ƙanwata. Ki hau, saura awa ɗaya da rabi. Ki ɗan sassauta hannu dai."

Auta ta fara miƙewa. Daidai nan wata mata mai goyo ta tsaya a teburin, ta ce ƙawarta ta turo mata hoton tsohon da ke sa tulu waƙa, akwai sauran irin butar nan mai dogon wuya? Akwai, in ji Baba, cikin kwalin ƙarƙashin tebur da ba a kwance ba tukuna. Ya jawo kwalin, ya ciro ɗaya ya warware jaridar. Ya riƙe ta, bai ɗora a tafinsa ba. Bai kuma dubi Auta ba, ya dai tsaya da butar a tsakaninsu.

Auta ta dubi dandalin, da jitar a jingine jikin kujera. Akwai waƙa biyu da ta ajiye don ƙarshe, ba ta taɓa yin su a gaban kowa ba.

"Anti, ki ba wani," ta ce. "Yatsuna sun gaji."

Anti ta ɗaga kafaɗa ta wuce. Jim kaɗan aka haɗa wayar mai fitilu da lasifika, waƙar rediyo ta cika masaƙar, mutane suka fara gyaɗa kai.

"Ranar Laraba zan sauke wani gashin daga tanderu," in ji Baba, yana ɗora mata butar a tafi.

"Ina makaranta ranar Laraba."

"Me?"

"Ina makaranta," ta ce da ƙarfi.

"In an tashi. Ai suna jira, ba inda za su."

"To."

Mai goyo ta ɗaga wayarta ta ce su ɗan matso da juna. Auta ta matsa, ta buɗe yatsu, ta karkatar da kai daga wajen lasifika don ta ji da kyau.